Muhawara: Wai waya ta fi likitan fata gane cuta?

Injiniya Bashir: Salamu alaikum jama'ar gida. Zan jefo wata magana, wanda ta ɓata wa rai ya yi haƙuri. A yau ɗin nan, in dai cutar fata ake magana, kwamfuta ta kamo likita, a wasu wuraren ma ta wuce shi. Ba daga bakina ya fara fitowa ba. Tun 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗura wa wata na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, wato AI, hotunan fata 129,450, sannan suka gwada ta da ƙwararrun likitocin fata 21 wajen bambance kansar fata da tabon da ba shi da illa. Kunnen doki aka yi. A 2018 aka sake wani gwajin a Jamus da likitoci 58 daga ƙasashe 17, na'urar ta fi yawancinsu kama kansar. Wannan fa tsohon labari ne, AI ta yi nisa tun daga lokacin. To don me mutum zai yi sammako ya je asibitin koyarwa, ya yanki kati, ya wuni a benci, a ce masa likitan fata sai wata Talatar, alhali ga waya a aljihunsa? Ni a ganina a sa wa kowane ƙaramin asibiti da kowane kemis irin wannan manhaja, kowa ya huta.

Alhaji Nura mai kemis: Wa alaikumus salam. Injiniya, da sassafen nan za ka tayar mana da ƙura? Ni dai in ka kawo ta, hannu bibbiyu zan karɓa. Ko yanzu aikin da nake yi ke nan, manhajar ce kawai babu. Magidanci ya shigo ya miƙo min waya, "Alhaji ga hoton cinyar yarona, ba ni magani." Yaro yana gida, uwarsa da ta san yadda abin ya fara tana gida, ni da hoto kaɗai muke shawara.

Maman Walid: Ni kam na gwada abin da Bashir yake faɗa. Wani tabo ne ya fito wa Walid a ƙeya, zagayayye, gashin wurin duk ya kakkarye, saman yana ɓarɓashi fari. Na ɗauki hoto na sa a wata manhaja, ta jero min sunaye uku da maki a gaban kowanne, na saman ta ce kirci ne. Na aika aka sayo man shafawa mai haɗi uku ɗin nan. Ba a jima ba ƙaiƙayin ya tsaya, wurin ya yi sumul. Yanzu ya dawo ya fi da faɗi, ƙanwarsa ma ta fara susar kai.

Dakta Hauwa: Maman Walid, ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma yadda kika siffanta shi, ga kuma ƙanwarsa ta kama, ya fi kama da makero. Kirci ba ya tsallakawa daga yaro zuwa yaro. In makero ne a kai, shafe-shafe ba ya kashe shi, don ƙwayar tana cikin silin gashin ne. Maganin sha ake ba yaro, irin su griseofulvin, mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyinsa. Man nan mai haɗi uku akwai sitiroid a ciki, shi ne ya kwantar da ƙaiƙayin ya bar cutar tana ci ta ƙarƙashi. Ki daina shafawa, ki kai su su biyun a duba, ki raba musu mataji da hula, a kuma kula da kilifar aski.

Sai kai Bashir ƙanina. Binciken da ka kawo ba ƙarya ba ne, amma ka duba abin da aka tambayi na'urar? Tambaya ce mai amsa biyu: wannan tabon kansa ne ko ba kansa ba. Hotunan zaɓaɓɓu ne, likitocin kuma ba su ga mara lafiya ido da ido ba, ba su sa masa hannu ba. A gwajin Jamus ɗin ma, da aka ƙara musu ɗan bayani, shekarun mutum da inda tabon yake a jikinsa, sai makinsu ya ƙaru. Sannan kansar fatar da suka fi farauta, melanoma, babbar damuwar masu farar fata ce a Turai da Amurka da Ostireliya, inda rana ke ƙona su. Mu a layinmu me ake kawowa? Ƙazwa, makero, ƙyasbi, kirci, borin jini, maruru, ƙurajen fuska, da fatar da bilicin ya lalata.

Ga wanda ya fi damuna. A 2021 wasu masu bincike a Oxford suka bi rumbunan hotunan kansar fata guda 21 da kowa ke iya ɗauka ya koyar da na'ura, hotuna sama da 100,000. Waɗanda aka rubuta launin fatar mai su 2,436 ne kacal. A cikinsu goma ne na masu wankan tarwaɗa, ɗaya tak na baƙar fata. Ɗaya, Bashir.

Alhaji Nura mai kemis: Wato yaro ne da bai taɓa ganin saniya ba sai farar bunaji, aka kai shi kara aka ce ya yi wa jan rahaji kuɗi.

Injiniya Bashir: Yaya Dakta, da girmanki, abin da kika kawo matsalar hotuna ce, ba matsalar fasahar ba. In hotunanmu ne babu, a ɗauka a ba ta. An ma gwada. A 2022 wasu a Stanford ɗin suka haɗa hotuna 656 na fata kala-kala, kowanne an yanki naman an tabbatar da cutar. Da farko manhajojin sun yi ta tuntuɓe a kan baƙar fata, na yarda. Amma da aka ƙara horar da su da waɗannan hotunan sai giɓin ya rufe. Hotuna ɗari shida da 'yan kai fa, ba miliyan ba.

Kuma kada mu yi kamar likitocin su ma ba su da wannan larurar. A 2024 aka buga wani bincike a mujallar Nature Medicine, an nuna wa likitocin fata 389 da likitocin gama-gari 459 hotunan cututtukan fata. Ƙwararrun sun dace da kashi 38 cikin ɗari, na gama-garin kashi 19. Dukkansu makinsu ya ragu a kan baƙar fata. Da aka haɗa su da AI, duka ɓangarorin biyu suka ƙaru. To ina laifin na'ura a nan?

Dakta Hauwa: Ka karanta shi har ƙarshe? Kashi 38 ɗin nan hujjata ce, ba taka ba. Yana nuna maka cewa ko ƙwararre, in hoto kaɗai ka ba shi, lalube yake yi. Kuma a binciken nan dai, likitocin gama-gari da AI ta taimaka wa sun fi ƙaruwa a kan farar fata, har giɓin da ke tsakanin farar da baƙar ya daɗa faɗi a hannunsu. Su wa kake so ka miƙa wa manhajar? Waɗanda ba ƙwararru ba. Su wa za su duba? Baƙaƙe.

Akwai abin da sai wanda yake duba fatarmu kullum yake sani. A littattafan da muka karanta, alamar kumburin fata ita ce ja. A jikin Bahaushe baƙi wannan jan ba ya fitowa ja. Wurin yakan yi duhu, ko ruwan toka, ko shuɗi-shuɗi, wani lokacin sai ka sa bayan hannu ka ji ɗumi kafin ka tabbatar. Na'urar da ta koyi neman ja za ta wuce shi ba ta ko waiwaya ba.

Baba Isiyaku: Assalamu alaikum 'ya'yana. Ina karantawa tun ɗazu, idon ne sai a hankali. Ni ban san kwamfuta ba, amma na yi aikin yaƙi da kuturta da tarin fuka har na yi ritaya, a Saye ta Zariya aka horar da mu. Bashir, bari in gaya maka yadda muke gane kuturta tun ba ta cinye yatsa ba.

Mutum zai zo da tabo a baya ko a damtse, ya ɗan fi sauran fatar haske, wani lokaci da ɗan jaja-jaja irin na tagulla. A ido, da shi da ƙyasbi ba ka rabewa. Sai in fitar da shi inda rana take, in murɗa 'yar auduga ta yi tsini, in fara taɓa masa lafiyayyar fata yana kallo, in ce duk inda na taɓa ka nuna min da yatsa. In ya gane wasan sai in ce rufe ido. In taɓa gefe, ya nuna. In taɓa tsakiyar tabon, shiru. In sake, shiru. Daga nan in lalubi jijiyar gwiwar hannu, da ta bayan gwiwar ƙafa, da ta gefen wuya, in ji ko ta yi kauri. Ƙyasbi kuwa in ka ɗan kankare shi da farce sai ya yi gari, kuma mai shi yana jin audugar sarai.

To ɗana, wace waya ce take jin abin da mutum ba ya ji? Kuma ka lura da hatsarin ta fuska biyu. In ta ce ƙyasbi alhali kuturta ce, mutum ya yi shekara yana shafa mai, jijiya tana mutuwa, kuma jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. In ta ce kuturta alhali ƙyasbi ne, a kan budurwar da aka sa wa rana, kai ma ka san garin nan. Kafin la'asar an fasa auren.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara girma Baba. Amma manhajar ai za ta iya cewa ma'aikaci "ɗauko auduga ka gwada." Hannun na mutum ne, tunatarwar tata ce.

Baba Isiyaku: In haka za ta yi, ba ni da ja. Sai dai da farko cewa ka yi ta wuce likita.

Sista Rabi: Ku yi haƙuri in sa baki, don ni ce a ƙauye. Dakta ranki ya daɗe, ke da Baba kuna auna waya da likitan fata. Ni ina na ga likitan fata? A yawancin ƙasashenmu na kudu da Sahara ba a samun ko ɗaya ga mutum miliyan, waɗanda ake da su kuma suna manyan birane. A asibitinmu na sha-ka-tafi ni ce mai awon ciki, ni ce mai rigakafi, ni ce mai karɓar haihuwa, ni ce kuma likitar fata. Darasin fata da aka yi mana a makaranta bai taka kara ya karya ba. In na rubuta wa mace takardar zuwa birni, ninke ta take yi ta ƙulle a bakin zane, don kuɗin mota ya fi ƙarfin mijinta. Daga wurina sai wajen mai magani a kasuwa.

Saboda haka a auna wayar da ni, da Alhaji Nura, da mai tallar magani a baro. In za ta jero min cututtuka uku da ya kamata in yi tunani a kansu, ta tuna min in tambaya ko ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ko akwai wani mai susa a gidan, wallahi ta amfane ni. Da babu gara ba daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ai tana da manhajarta ta cututtukan fata da aka yi wa ma'aikata irina, kuma a 2024 an gwada mai AI a cikinta a Kenya, a hannun ma'aikatan ƙananan asibitoci, kan baƙar fata. An ce ta dace da kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da likitocin fata suka gano. Ni ban isa in ce ina kaiwa nan ba.

Dakta Hauwa: Sista, maganarki ta fi ta kowa nauyi a wurina, kuma ba na faɗa da irin wannan manhajar. An yi ta ne don cututtukanmu, irin su kuturta da ƙazwa da gyambon Buruli, kuma an yi ta don ma'aikacin lafiya, ba don kowa da kowa ba. Sai dai kashi 80 na nufin a cikin biyar ɗaya ya kuɓuce. Tsorona shi ne ranar da za ki ga abu, zuciyarki ta ce miki ba daidai ba ne, waya ta ce ba komai, ki bi waya. An gwada wannan a 2020 a wani bincike da likitocin Biyana ta Ostiriya suka jagoranta: ƙananan likitoci su suka fi amfana da AI mai kyau, amma da aka ba su wadda aka lalata da gangan, har manyan ta ja ta kai su rami.

Yaya Usman daga Ingila: Gaisuwa ga Baba da kowa da kowa, yanzu na sauka daga aikin dare. Bari in faɗi abin da ake yi a nan, tunda Bashir Turai yake hange. Akwai wata manhaja mai suna DERM da wasu asibitocin gwamnati suke amfani da ita wajen tace masu zargin kansar fata, saboda layin jiran likita ya yi tsawo. Amma ba mutum ne zai ɗauki hoto a ɗakinsa ba. Likitan unguwa ne zai turo ka, ma'aikacin da aka horar ya ɗauki hoton da wani madubi mai fitila da ake maƙala wa waya, sannan manhajar ta ware wanda za a gaggauta da wanda ba shi da hatsari. A 2025 hukumar NICE, mai tantance magunguna da na'urorin asibiti, ta amince da ita na shekara uku ana ci gaba da tattara hujja. Kuma ta ce in mara lafiya baƙi ne ko wankan tarwaɗa, sai ma'aikacin lafiya ya sake duba sakamakon, don hujjar da ake da ita a kan irin fatarmu ba ta da yawa. Su da suka ƙera abin ke nan.

Manhajojin da kowa ke saukewa a waya kuwa, mujallar likitoci ta BMJ ta yi bitarsu a 2020, ta ce ba abin dogaro ba ne wajen kama kansar fata.

Injiniya Bashir: Yaya Usman, ka dai tabbatar min ana amfani da ita a asibitin gwamnati a Ingila. Sauran bayanin matakan kariya ne, mu ma sai mu sa namu.

Yaya Usman daga Ingila: Matakin kariyar a nan shi ne likitan fata yana zaune a bayanta. Kai kuma ka ce a kai ta inda babu shi.

Dakta Hauwa: Bari in ba ku wani abin dariya da ba na dariya ba. Na'urar nan ba ta san cuta ba, abin da ke yawan zuwa tare da cuta a hoto take haddacewa. Masu binciken Stanford da kansu sun lura cewa in akwai rula a hoto, na'urarsu ta fi karkata ga cewa kansa ne, saboda likitoci sun fi aza rula a gefen tabon da suke zargi. A 2019 kuma a Jamus aka gano cewa in an zagaye tabo da shuɗin alƙalamin da likitocin tiyata ke yin alama da shi, sai na'ura ta riƙa kiran lafiyayyen tabo kansa. Kun san tawadar alƙalamin nan mece ce? GV ce, shuɗin maganin nan da kuka sani da ake shafa wa ciwo.

Sista Rabi: Innalillahi! To ai mu rabin yaran da ake kawo mana an riga an yi musu fenti da GV tun daga gida. Wanda ba GV ba, an shafa masa toka, ko man shanu, ko bakin mai na inji, ko an ɗaure da ganye. Sai na wanke da ruwan ɗumi kafin in ga fatar ma.

Alhaji Nura mai kemis: Ku ƙara da na 'yan bilicin. Mace za ta zo fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, kumatu sun ƙone, jijiyoyi kore-kore sun fito a damtse. In ka tambaya me take shafawa ta ce "ba komai, basilin ne." Haɗin da ake yi musu a roba ko suna babu a jiki. Ita wayar a wane launi za ta sa wannan?

Dakta Hauwa: Alhaji ka taɓo inda yake mana ciwo. Mayukan nan da yawa akwai sitiroid mai ƙarfi a ciki, irin clobetasol, ko hydroquinone. Sitiroid yana sauya kamannin cuta gaba ɗaya. Makeron jiki da aka san shi da zobe mai kaifin baki sai ya baje ya rasa siffa, har mu sai mun kankare mun duba a madubin ɗakin gwaji. Hoton irin wannan fatar ba ya cikin abin da aka koya wa na'urorin nan.

Kuma kada a ɗauka baƙar fata ba ta kansa. Tana yi, sai dai wurin da take fitowa daban ne: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Ita ce ta kashe Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa ta faro. A wurinmu dattijo ne manomi zai zo da baƙin tabo a diddige, ya ce ƙaya ce ta soke shi bara, kafin ya iso kaluluwa ta fito a matsematsi. Ga kuma 'yan uwanmu zabiya da rana ke jawo wa kansar fata tun suna matasa. Su kam, in za a samu manhajar da za ta riƙa bin tabonsu wata-wata tana cewa wannan ya canza, a je a cire, ni zan fara yi mata talla.

Hajiya Binta: Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma akwai abin da ku likitoci ba ku faɗa ba. Mata da yawa suna zaune da ciwo a ƙarƙashin mama ko a matsematsi shekara da shekaru, don ba za su iya buɗe wa namiji ba, mijin ma ba zai bari ba. In waya za ta duba ba tare da idon kowa ba, wallahi da yawa za su fi son haka.

Barista Sa'adatu: Hajiya, nan ne ni kuma hankalina ya tashi. Kina ganin ba idon kowa, amma hoton ba a wayarki yake tsayawa ba. Yawancin manhajojin nan tura shi suke yi rumbun kamfani a wata ƙasa, kuma wa yake karanta dogon sharaɗin nan kafin ya danna "na yarda"? Hoton al'aurar matar aure ne fa, ko na yaro ƙarami. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa sa ido. Amma in kamfanin ba shi da ko ofis a ƙasar nan, wa za ki kama?

Ga tambaya ta biyu, Injiniya ita taka ce. Likita in ya yi sakaci akwai majalisar likitoci ta ƙasa da za a kai ƙararsa, har lasisi yana iya rasawa. Manhaja ta ce wa Alhaji Nura borin jini ne, ya ba da magani, yaro ya rasu. Wa za a tuhuma? In ka duba ƙasan shafinsu, kusan duka sun rubuta cewa wannan ba shawarar likita ba ce. Sun wanke hannunsu tun kafin a fara.

Injiniya Bashir: Barista, yau in Alhaji ya ba da maganin ba tare da manhaja ba yaron ya rasu, wa ake tuhuma? "Kwana ne ya ƙare" ake cewa. Kada mu ɗora wa AI sharaɗin da ba mu ɗora wa kowa ba. Maganar hoto kuma tana da magani, ana iya gina manhajar da za ta yi aikinta a cikin wayar, ba intanet, hoton ba ya fita ko'ina.

Alhaji Nura mai kemis: A'a Injiniya, a daina kashe yara a shagona don Allah, ko a misali ne.

Dakta Hauwa: Misalin Barista ba wasa ba ne. Akwai wani mummunan borin magani da ke farawa da zazzaɓi, jan ido, da 'yan ƙuraje kamar ba komai ba, kwana biyu leɓe ya kwaile, fata ta fara saluɓewa. Magungunan sulfa irin su Septrin da Fansidar suna cikin masu jawo shi, da wasu magungunan farfaɗiya. A ranar farko hoto ba zai nuna maka bambancinsa da ƙyanda ba. Abin da ke ceton rai tambaya ce: wane magani ka sha a makonnin nan? A tsayar da shi, a kwantar da mutum a asibiti.

Kuma Bashir, gane cuta rabin aiki ne. Ƙazwa ko makaho ya gane ta in ya ji ana susa da dare, tsakanin yatsu da wuyan hannu. Wahalar ita ce dole a yi wa duk gidan magani rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana. Je ka yi wannan a tsangayar da yara suke kwana jiki da jiki a tabarma ɗaya.

Baba Isiyaku: Maganin kuturta kyauta ne, wata shida ko wata goma sha biyu, ya danganta da irinta. Amma daga 2024 zuwa farkon 2025 kusan shekara guda maganin bai shigo Najeriya ba, aka bar mutanen da an riga an gano cutarsu suna jira. Waɗannan ba su rasa mai gaya musu sunan ciwonsu ba.

Injiniya Bashir: Baba wannan gaskiya ne, amma ba hujjar a zauna ba ce. Wasu sun fara. Masu bincike daga Jami'ar Basel ta Suwizalan sun haɗa kai da likitoci a Madagaska, Malawi, Gini da Tanzaniya, sun tara hotuna kusan 5,000, yawanci na yara, na ƙazwa da kirci da makero da ƙurajen da ke ruwa. Babu Najeriya a ciki, mu da muka fi kowa yawa. Me zai hana mu fara a nan? Yaya Dakta tana da marasa lafiya, Sista Rabi tana da su, ni ina da yaran da za su rubuta manhajar.

Dakta Hauwa: Ɗaukar hoto ba shi ne aikin ba. Kowane hoto sai an rubuta masa sunan cutar da aka tabbatar, ta kankara ko ta yankar nama a kai ɗakin gwaji, in ba haka ba kuskurenmu za mu koya wa na'ura ta riƙa maimaitawa da ƙarfin hali. Wa zai biya kuɗin gwajin? Mara lafiyar da ko na kati da ƙyar ya haɗa?

Barista Sa'adatu: Kuma ba hoto ko ɗaya sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, da yardar mara lafiya a rubuce, da Hausa, a karanta wa wanda ba ya karatu. Na yara sai iyayensu. Almajiri kuma, wa zai sa masa hannu? Ku fara amsa wannan.

Sista Rabi: Ni dai in za a yi, a sa min abu ɗaya: maɓallin da zan danna hoton da bayanin su tafi wurin Dakta in abin ya fi ƙarfina, ta amsa min ko bayan kwana biyu ne. In babu wannan, ku riƙe kayanku.

Injiniya Bashir: Za a sa, Sista. Zan rubuta tsarin in turo nan ranar Juma'a. Amma ina nan a kan bakana game da kemis. Nan mutane suke fara zuwa, ko mun so ko mun ƙi, kuma gara Alhaji da manhaja da Alhaji da hoto kaɗai.

Dakta Hauwa: Ma'aikacin lafiya da aka horar, wanda ke da inda zai tura mara lafiya, na yarda a gwada. Kemis ban yarda ba. Wanda ribarsa ke cikin sayar da man shafawa ba za ka ba shi na'urar da za ta sa masa hatimi ba. Alhaji ka yi haƙuri, ba kai nake nufi ba.

Alhaji Nura mai kemis: Ni kike nufi mana Dakta, ba komai. Sai dai ki sani, in na ce wa mutum ya tafi asibiti, shago na gaba yake shiga.

Injiniya Bashir: Kemis yana cikin tsarin, Yaya. Shafi na biyu.

Dakta Hauwa: Turo. Zan soke shi da jan biro.